Wa Ke Biyan Mai Ba Ka Shawara? Yadda Muka Bi Wajen Nemar wa Baba Gidan Kula da Tsofaffi a Ingila

Da likitoci suka gama nasu bayan shanyewar ɓarin jiki ta biyu da Baba ya samu, sai aka kira mu wani ɗan ɗaki a asibitin aka ce abin da ya rage yanzu kulawa ce, kuma kulawar ta fi ƙarfin gida. Ba ya iya haɗiya yadda ya kamata, sai mutum biyu da na'urar ɗagawa kafin a sauke shi daga gado, ga buƙatar juya shi cikin dare don gudun gyambon kwanciya. Aka miƙo mana takarda mai sunayen gidaje shida, aka ce mu zagaya mu gani kafin ƙarshen mako. Na san yadda maganar gidan tsofaffi take a kunnen Bahaushe, don abin da ke fara zuwa zuciya shi ne gidan gajiyayyu, inda ake kai wanda ba shi da kowa. Wannan muhawarar mun yi ta a cikin gida, ba ita zan kawo nan ba. Abin da zan faɗa shi ne yadda ake samun shawarar da ba ta da wata manufa a ƙarƙashinta. Duk dokoki da alƙaluman da zan ambata na Ingila ne kaɗai. Sikotland da Wales da Ailan ta Arewa kowacce da tsarinta.

Kuskuren farko da muka kusa tafkawa shi ne farawa da duba gidaje. Da daddare na shiga intanet na cike wani fom a shafin masu cewa suna taimaka wa iyalai kyauta. Washegari da hantsi wata mata ta kira, mai ladabi, ta san kan aikinta, ta ce akwai gidaje uku da ke da ɗaki a buɗe kuma za ta shirya mana ziyara. Sai na tambaye ta, tunda mu ba mu biya ba, wa ke biyanta? Ta amsa ba ɓoye-ɓoye cewa gidan da muka zaɓa shi zai ba kamfaninsu wani abu idan Baba ya shiga. Dillali ke nan, kuma dillanci ba laifi ba ne. Sai dai wanda ya taɓa sayen fili ya san dillali yana nuna maka filayen da ke hannunsa ne, ba duk filayen garin ba. Gidan da bai yi yarjejeniyar la'ada da su ba, komai kyansa, ba za ka ji sunansa a bakinsu ba. Kuma babu abin da zai sa dillali ya ce maka ka dakata, wataƙila hukumar lafiya ce ya kamata ta ɗauki kuɗin gaba ɗaya.

Daga ranar na mayar da wannan tambayar ta zama sallamata ga duk wanda ya ba mu shawara. Da ita muka gane cewa kusan kowa yana da ɓangaren da yake karkata. Manajan gida yana son cike ɗakinsa. Asibiti tana son gadonta. Kansil, wato ƙaramar hukuma, tana da aljihun da take tattali. Shafukan da ke jera gidaje da taurari, da yawansu gidajen ne ke biyan kuɗi don a fito da su sama. Ba wanda ya yi mana ƙarya a cikinsu, amma kowa ya faɗi abin da ya shafi aikinsa ya yi shiru a kan sauran.

Waɗanda muka samu ba su da ci a cikin lamarin su ne ƙungiyoyin agaji masu layin waya. Age UK da Independent Age duk suna ba da shawara kyauta, kuma suna da takardun bayani da ake sabuntawa idan alƙaluma sun canza. Care Rights UK ta fi ƙwarewa kan haƙƙin wanda ke zaune a gidan da na danginsa. Idan gigin tsufa ne matsalar, akwai Alzheimer's Society da nas-nas ɗin Dementia UK. Citizens Advice kuma tana taimakawa wajen cike fom na tallafi. Babu ɗayansu da za ta ce maka ka kai tsohonka gida kaza. Abin da suke yi shi ne su faɗa maka abin da doka ta ba ka, da jerin yadda abubuwa ke bin juna. Wanda na yi magana da shi ya ce mu ajiye takardar gidaje shidan nan tukuna. A fara tantance buƙatar Baba, sannan a gano wa zai biya, sannan a je duba gida. Wanda ya juya wannan jeri yakan ƙare da sa hannu a kan kuɗin da ba nasa ba ne ya biya.

Tantance buƙata haƙƙi ne a ƙarƙashin dokar kula da manya ta 2014. Kansil ce ke yi, kyauta ne, kuma ba ruwansa da yawan dukiyar mutum. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don akan ce wa iyali tunda tsohonku yana da ajiya, ku je ku shirya da kanku. Ko da shi zai biya, ka nemi a yi tantancewar a rubuce. Takardar ita ce za ta nuna ko gidan zama da taimako kawai yake buƙata, ko kuwa gidan da ke da nas dare da rana, kuma tsakanin biyun akwai tazarar kuɗi mai yawa. Ita ce kuma za ka riƙe ranar da kuɗinsa suka ƙare ka koma wa kansil. A wajen tantancewar akwai abin da ke damun mutanenmu, wato kunya da juriya. Ma'aikaciyar ta tambayi Baba ko yana iya zuwa banɗaki, ya ce Alhamdulillahi. Ta tambaye shi cin abinci, ya ce da sauƙi. Da mun yi shiru da haka za a rubuta. Dole wani ya zauna a wajen ya bayyana yadda rana mafi muni take, sau nawa ya shaƙe da ruwa a mako, sau nawa aka canza shimfiɗa cikin dare. Mun riƙe ɗan littafi muna rubuta waɗannan har kwana goma kafin zaman, kuma shi ya fi kowace magana tasiri. Idan tsoho ba ya iya bin bayanin kuma ba shi da wani na kusa da zai tsaya masa, doka ta wajabta wa kansil ta samo masa mai magana da yawunsa wanda ba ma'aikacinta ba ne. Idan Turancinsa ya yi rauni, a nemi tafinta, kada a bar wa jika ɗan shekara goma sha biyar fassarar maganar fitsari da kashi.

Abu na biyu da layin shawarar ya buɗe mana ido a kai shi ne shirin NHS Continuing Healthcare, na hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS. Idan ainihin buƙatar mutum ta lafiya ce, hukumar lafiya ce ke ɗaukar kuɗin gidan baki ɗaya, har ɗaki da abinci, ba tare da duba dukiyarsa ba. Ba sunan ciwon ake dubawa ba. Ana duba irin buƙatar, da tsananinta, da yadda matsalolin suka sarƙe da juna, da yadda yanayin ke iya rikicewa ba zato. Mataki biyu ne. Na farko gajeriyar takarda ce da nas ko ma'aikacin kansil ke cikewa. Idan ya tsallake, sai a haɗa ma'aikata daga ɓangarori daban su zauna a kan babbar takarda mai fannoni goma sha biyu, irin su numfashi, ci da sha, fata, motsi, magana, hankali, ɗabi'a da magunguna. Ka'ida ta ce a yanke hukunci cikin kwana 28, kodayake akan wuce. Wanda jikinsa ke saurin taɓarɓarewa kuma ake ganin ya kusa, akwai hanyar gaggawa da ba ta bin waɗannan matakai. Wata ƙungiya mai suna Beacon tana ba da shawara kyauta har ta minti 90 a kan wannan shiri, kuma su suka koya mana jumlar da muka yi ta maimaitawa a zaman: buƙatar da ake kula da ita da kyau ba ta daina zama buƙata ba. Idan Baba bai yi gyambo ba, don ana juya shi ne duk bayan sa'o'i kaɗan, ba don fatarsa lafiya take ba.

Baba bai samu cikakken shirin ba. Abin da ya samu shi ne kason kuɗin nas da hukumar lafiya ke biya kai tsaye ga gidan, wanda a Afrilun 2025 ya zama fam 254.06 a mako. A nan akwai tarko. Wani gidan yana faɗa maka farashi da wannan kason a ciki, wani kuma yana faɗa ba da shi ba sannan ya karɓa daban. Idan ba ka tambaya ba, kana kwatanta farashi biyu da ba mudu ɗaya aka auna su ba. Wanda bai gamsu da hukuncin ba yana da wata shida ya nemi a sake dubawa. Akwai kuma taimakon farfaɗowa na bayan sallama daga asibiti, wanda kyauta ne har mako shida. Mun nemi a kai Baba irin wannan gado na wucin gadi, kuma shi ya ba mu sararin yin komai cikin natsuwa maimakon yanke shawarar shekaru a cikin kwana huɗu.

Sai lissafin dukiya. Iyakar sama fam 23,250 ce. Wanda dukiyarsa ta wuce haka shi zai biya komai. Iyakar ƙasa fam 14,250 ce, abin da ke ƙasa da ita ba a taɓawa. Tsakanin biyun ana ɗaukar cewa kowace fam 250 tana ba ka fam ɗaya a mako. A ce mutum yana da fam 18,000. A cire 14,250, saura 3,750, a raba da 250, ya zama fam 15 a mako da zai ƙara a kan fanshonsa. Fanshon kuwa kusan duka yake tafiya idan kansil ce ke biya, sai ɗan kuɗin kashewa da ya wuce fam 30 kaɗan a mako. Waɗannan iyakoki ba su motsa ba tun 2010. A Wales iyakar fam 50,000 ce, shi ya sa bai kamata ka ɗauki lissafin ɗan'uwanka na Kadif ka ɗora a kan naka ba. Mutane da yawa kuma har yau suna zaton akwai dokar da ta ce ba wanda zai kashe fiye da fam 86,000 a rayuwarsa kan kulawa. An shirya ta, aka ɗage ta zuwa Oktoban 2025, sannan gwamnati ta soke ta a Yulin 2024.

Gidan da Baba ya mallaka a nan bai shiga lissafi ba saboda Hajiya tana ciki. Haka dokar take idan mata ko miji na zaune a gidan, ko ɗan'uwa mai shekara 60 ko fiye, ko mai naƙasa, ko ɗan mai gidan da bai kai shekara 18 ba. Ajiyar da suka haɗa a banki rabawa ake yi biyu, rabinsa kawai ake ƙirgawa. Idan yana da fansho na wurin aiki, yana iya bar wa matarsa rabi. Idan kuwa ba kowa a gidan, ana kau da kai daga darajarsa na mako goma sha biyu na farko, bayan nan ya shiga lissafi. Kansil na iya yarda ta riƙa biya a matsayin bashi a kan gidan har ranar da aka sayar, amma da kuɗin ruwa. Wannan magana ce da Musulmi zai so ya kai wa malami tun da wuri, ba bayan ya sa hannu ba.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye shi ne dukiyar gida Najeriya. Fom ɗin yana tambayar kadarar da ke wata ƙasa, kuma ana ƙirga ta. Baba yana da fili da kuma kaso a gidan gado. Wasu 'yan'uwa sun ce wa zai sani. Mai ba mu shawara ya ce ranar wanka ba a ɓoye cibi, ko da yake ba da waɗannan kalmomin ba. Ana ƙiyasta abin da kadarar za ta yi a kasuwar can, a cire kashi 10 na ɗawainiyar sayarwa, a juya zuwa fam. Gidan gado kasonsa kaɗai ake dubawa, kuma kaso a gidan da mutum tara ke da haƙƙi a ciki ba abu ne mai saurin samun mai saye ba, don haka darajarsa takan faɗi ƙwarai. Mun samo takardar ƙiyasi daga can muka haɗa. Haka nan maganar raba wa 'ya'ya dukiya kafin a je kansil. Ana yawan cewa idan kyautar ta kai shekara bakwai an tsira. Wannan ƙa'idar harajin gado ce, ba ta da alaƙa da kuɗin kulawa. Kansil na iya komawa baya ba iyaka, kuma idan ta ga an yi kyautar ne don guje wa biya, sai ta lissafa kamar dukiyar tana hannunsa, ko ta bi wanda aka bai wa.

Da aka haɗa komai, Baba ya faɗa cikin masu biya da kansu, amma ba da tazara mai yawa ba. A nan muka biya kuɗi muka ga mai ba da shawara kan harkar kuɗi, kuma wannan ne kaɗai kuɗin shawara da muka kashe wanda ban yi da-na-sani ba. Hanyar tantance shi mai sauƙi ce. Ka duba sunansa a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi. Ka duba ko yana cikin ƙungiyar SOLLA, ta masu ba da shawara kan kuɗin tsufa. Ka tambaye shi ko yana duba duk kasuwa ne ko kayan wasu kamfanoni kaɗai yake sayarwa, kuma ya rubuta maka nawa zai caje ka kafin a fara. Lissafin da ya yi mana kowa na iya yi a takarda. A ce gida yana karɓar fam 1,300 a mako, fansho da tallafi suna kawo fam 350. Giɓin fam 950 ne a mako, wato fam 49,400 a shekara, kafin ƙarin farashin da ake yi duk shekara. Raba ajiyar da ta haura 23,250 da giɓin mako, ka ga mako nawa za ta kai. Ya kuma tuna mana da tallafin Attendance Allowance, na tsofaffi masu buƙatar a kula da su, wanda ba a duba dukiya kafin a ba da shi, kuma babban matakinsa ya zama fam 110.40 a mako a Afrilun 2025. Mai biya da kansa yana ci gaba da karɓa, amma idan kansil ta fara biya yakan tsaya bayan kwana 28. Ya yi mana bayanin wata inshora da ake biya dunƙule sau ɗaya, kamfani ya riƙa biyan gidan har ƙarshen rayuwa, kuma ba haraji idan kuɗin na tafiya kai tsaye ga gidan. Da kansa ya ce ba ta dace da mu ba, don kuɗin Baba ba su kai ba. Wanda ke cin la'ada da wuya ya faɗi haka.

Daga lissafin nan tambaya mafi nauyi ta fito, wadda muka yi wa kowane manaja: idan kuɗin Baba suka sauko kansil ta karɓa, za ku bar shi a ɗakinsa a kan farashin kansil? Dalili shi ne farashin biyu ba ɗaya ba ne. Binciken hukumar kula da gasa a kasuwanni na 2017 ya gano cewa masu biya da kansu suna biyan kimanin kashi 41 cikin ɗari sama da abin da kansil ke biya a gida ɗaya. Idan gidan ya ƙi sauka, ko dai a ɗauke tsoho a kai shi wani wuri, ko wani daga dangi ya riƙa biyan ciko. Ciko yana da doka. Dole kansil ta nuna aƙalla wuri ɗaya da ya dace da buƙatarsa kuma kuɗinta ya isa ba tare da ciko ba. Idan ba ta da irin wannan wurin, ita za ta ƙara kuɗi. Ciko sai idan ku kuka zaɓi wuri mafi tsada, kuma a rubuce tare da kansil. Yana kuma ƙaruwa da shekaru, don farashin gida ya fi kuɗin kansil saurin hawa. Gidaje biyu sun ce mana sai mutum ya biya da kansa na shekara biyu kafin su yarda da farashin kansil. Ɗaya ya ce a baki ba matsala, da muka ce a rubuta sai magana ta canza.

Kafin a kai ga sa hannu akwai batun wakilci. A dokar Ingila kasancewarka babban ɗa ba ya ba ka ikon taɓa asusun mahaifinka ko yanke masa shawara. Sai da takardar wakilci mai ɗorewa, kuma iri biyu ce, ta dukiya da ta lafiya. Sai mutum yana cikin hankalinsa zai iya yin ta, sannan a yi mata rajista a ofishin gwamnati, abin da ke cin makonni da dama. Baba yana gane komai duk da nauyin harshe, don haka muka yi duka biyun da gaggawa. Wanda hankalin tsohonsa ya riga ya gushe sai ya bi ta kotu, hanya mai tsada mai cin watanni, alhali gidan na jiran kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu a ranar muka fafe, Allah ne kawai ya rufa asiri.

Sai bayan duk wannan muka koma kan gidaje. CQC, hukumar da ke sa ido kan ingancin kulawa, ita ce ke duba su, tana ba da daraja hawa huɗu, daga mafi kyau zuwa wanda ya gaza, kuma dole gida ya maƙala darajarsa inda za a gani. Kada ka tsaya a kalmar. Duba ranar da aka yi binciken, domin wasu rahotannin sun yi shekaru, kuma binciken da Dakta Penny Dash ta yi a 2024 ya nuna hukumar kanta tana da manyan matsaloli. Gida yana iya canza hali cikin wata shida idan manaja ya tafi. Ka karanta sashen tsaro da na shugabanci, nan ake samun maganar kurakuran magani da ƙarancin ma'aikata. Ka duba ko reshen Healthwatch na yankinku, masu jin ra'ayin jama'a kan lafiya da kulawa, ya taɓa shiga gidan ya rubuta rahoto. Hukumar sauraron koke kan ƙananan hukumomi da kula da jama'a ita ma tana wallafa hukunce-hukuncenta, ana iya neman sunan gida a ciki.

Gani ya kori ji. Kowane gida mun je sau biyu, ɗaya da alƙawari, ɗaya ba sanarwa, kuma na biyun lokacin abincin rana ko ranar Lahadi da yamma. Kafet da furanni ba su gaya maka komai. Ka lura da minti nawa ƙararrawar kira ke yi kafin a amsa, da ko mai ba da abinci yana zaune daidai da tsohon ko yana tsaye a kansa yana ɗura masa, da ko warin fitsari na ɗaki ɗaya ne ko ya kama duk farfajiya. Ka tambayi ma'aikata nawa ke kwana, nas nawa a cikinsu, mutum nawa suke dubawa, kuma sau nawa a mako ake ɗauko ma'aikatan haya daga waje. Ka tambayi mai shara ko mai wanki shekararta nawa a wajen. Inda ƙananan ma'aikata ke daɗewa, yawanci akwai abin kirki.

Abin da ya shafi addini da al'ada ba wanda zai tambaya maka. Kowane manaja zai ce suna ba da abincin halal. Ka ce a nuna maka kicin, ka tambayi inda suke sayen naman. A wani gidan halal ɗin ya ƙare a kan kifi da ganye kullum. Ga wanda ke cin abinci niƙaƙƙe kamar Baba, mun tambaya ko za mu iya kawo kunu ko miyar kuka daga gida, aka ce sai an daidaita kaurinsu da matakin da mai duba haɗiya ya rubuta, kuma gaskiyarsu ne, don ruwa-ruwa yana iya zarcewa huhu. Mun nemi namiji ya riƙa yi masa wanka, sai muka gano dole a duba jadawalin aiki, domin gidan da ke da maza biyu kacal ba zai iya cika wannan alƙawari kullum ba. Mun sa an rubuta cewa ana yi masa tsarki da ruwa ba takarda kaɗai ba, ba a aske masa gemu, kuma a juya kujerarsa ta fuskanci alƙibla. Mai gigin tsufa yakan koma harshensa na farko, don haka mutumin da ya yi shekara arba'in yana Turanci sai a wayi gari Hausa kawai yake ji. Mun rubuta kalmomi ashirin da yadda ake furta su muka manna a bango: ruwa, zafi, sanyi, ciwo, sannu. Game da ziyara, tun Afrilun 2024 barin dangi su shigo ya zama ɗaya daga cikin ƙa'idojin da CQC ke bincika, amma ka tambayi mutum nawa ake bari a lokaci ɗaya, don ziyararmu ba ta mutum biyu ba ce.

Yarjejeniyar mun karɓo ta mun kwana uku da ita, muka karanta wa mai ba da shawara sassan da suka ɗaure mana kai. Wurare biyar ne ke cizo. Yadda ake ƙara farashi, wanda ya kamata a bayyana ma'auninsa kuma a ba da sanarwar aƙalla kwana 28. Abin da ba ya cikin farashi, kamar aski, yanke farce da rakiya zuwa asibiti, wadda akan caje ta da awa. Kuɗin da ake karɓa tun farko, ko ajiya ce da za a mayar ko kuwa ta tafi ke nan. Dalilan da za su sa a ce mutum ya bar gidan. Sai kuɗin bayan rasuwa, wanda hukumar gasa ta ce a 2018 bai kamata ya wuce kwana uku ba, ko kwana goma idan ba a kwashe kaya ba. A shafin ƙarshe akwai layin da aka ce in sa hannu a matsayin mai tsaya wa Baba. Da na sa, duk bashin da ya taru daga aljihuna za a nema. Na sa hannu a matsayin wakilinsa kawai, na rubuta haka a gefen sunana, aka soke wancan layin.

Magana ta ƙarshe da muka yi da manajar ita ce wadda ba a son yi. Mun ce idan ta Allah ta kasance, muna son a yi jana'iza da wuri, a kira mu ko ƙarfe nawa ne, kuma ba ma'aikatan gidan ne za su yi wankan gawa ba. Ta bayyana mana cewa tun Satumban 2024 kowace mutuwa sai wani likita mai zaman kansa ya duba dalilinta kafin a fitar da takarda, in ba wadda aka miƙa wa jami'in binciken mace-mace ba, kuma jinkiri ya fi yawa idan abin ya faɗo ƙarshen mako ko likitan unguwa ya daɗe bai ga mutumin ba. Sai muka nemi a sa Baba cikin waɗanda likitan ke dubawa a zagayensa na gidan, aka rubuta buƙatar gaggauta takardu a cikin tsarin kulawarsa, tare da lambar masu jana'iza na masallacinmu. Ya shiga da sharaɗin gwaji na mako huɗu. Na rubuta a kalanda watan da lissafi ya nuna ajiyarsa za ta kusanci fam 23,250, na ja baya da wata uku, ranar da zan kira kansil ke nan don a sake lissafi.